Daga Dillaliya zuwa Sikeli: Tarihin Cinikin Tsofaffin Kaya a Tsakanin Hausawan Ketu

Unguwar Ketu tana cikin ƙaramar hukumar Kosofe ta jihar Legas, a kan babban titin Ikorodu, kuma wurare uku da ke kewaye da ita su ne suka ba ta matsayi na musamman a harkar tsofaffin kaya: jujin Olusosun da ke Ojota, wanda shi ne mafi girma a birnin; kasuwar Mile 12, inda motocin Arewa ke sauke tumatir da albasa da tattasai; da kuma kasuwar Owode Onirin, wadda ta yi suna wajen cinikin ƙarafa da sassan injuna na hannu. A tsakanin waɗannan wurare ne 'yan gwangwan ke kai da kawo, wato masu bi gida-gida suna sayen abin da ya lalace ko aka gaji da shi, waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne da 'yan Nijar masu magana da Hausa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan sana'a a matsayin sabon abu da talaucin birni ya haifar, amma idan aka bi salsalarta za a tarar tsofaffin al'adu biyu na ƙasar Hausa ne suka haɗu a cikinta: yadda gidan Bahaushe ke sarrafa kayansa har ƙarshen amfaninsu, da kuma tsarin maigida da yaransa wanda fatauci ya ginu a kansa tun ƙarnuka da suka wuce.

A gidan Bahaushe na kafin zuwan Turawa, abin da ake kira shara ba shi da yawa, domin kusan kowane abu yana da mataki na gaba da zai faɗa idan ya bar na farko. Ƙwarya idan ta tsage akwai gyartai, mai sana'ar ɗinke ta, idan kuma ta fashe gaba ɗaya sakainarta ta zama abin kwasar shara ko ɗebo wuta. Tsohuwar fartanya tana komawa maƙera a sake ƙera ta. Riga tana sauka daga wa zuwa ƙane a matsayin kwance, wato suturar da aka sa aka bayar, daga nan ta zama tsumma, ta ƙare a gammo. Toka tana da kasuwa a wurin marina, katsin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini kuma ana ƙona shi a yi daɓe da shafen gini. Abin da ya rage bayan wannan duka, na kashin dabbobi da dattin tsakar gida, shi ne taki, kuma binciken da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi a karkarar Kano a shekarun 1960 ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki zuwa gonaki, abin da ya taimaka aka daɗe ana noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar shi ya huta ba. Addini ma ya ƙarfafa wannan hali, tun da Musulunci ya yi hani da almubazzaranci, ya kuma kwaɗaitar da bayar da abin da mutum ya wadatu daga gare shi.

Sai dai ɓangaren da ya fi muhimmanci ga tarihin wannan sana'a shi ne ɗakin mace. Kayan ɗaki, wato gado da tabarmi da ƙorai da tasoshin da iyaye ke haɗa wa 'yarsu idan za ta gidan miji, mallakarta ne ita kaɗai, miji ba shi da iko da su, kuma jeren da ake yi da su a bango ya wuce ado kawai, domin ajiya ce da ake iya mayarwa kuɗi ranar da buƙata ta taso, ko a adana domin auren 'ya. Da yake kulle ya hana matan aure da yawa zuwa kasuwa, sai aka sami mai shiga tsakani, ita ce dillaliya, wadda galibi dattijuwa ce da shekarunta suka ba ta damar shiga kowane gida. Takan karɓi zane ko tasa ko 'yan kunne ta ƙunshe a cikin mayafinta, ta zaga da su gidaje tana tallatawa a ɗakuna, ta komo ta faɗa wa mai kaya abin da aka taya, idan an sallama ta cire la'adarta, wato ɗan kason da dillali ke samu a kan ciniki. Babban jarinta shi ne riƙe sirri, domin matar da ta fitar da kwanukanta saboda rashin lafiyar ɗa ko gudummawar biki ba ta son kishiya ko maƙwabciya ta san daga ɗakin wa suka fito, kuma dillaliyar da bakinta ya cika sako-sako ba ta daɗewa ana ba ta kaya. Haka nan idan an yi rasuwa aka zo rabon gado, sau da yawa dillalai ake kira su yi wa tarkacen gida ƙima. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta kira irin wannan hada-hada ta cikin gidaje da ɓoyayyen ciniki a wata maƙala da ta fitar a 1969, Enid Schildkrout kuma ta nuna a bincikenta na Kano a shekarun 1970 yadda yara ke zama ƙafafun iyayensu mata a cikinta. Abin lura shi ne, a wannan tsari, kayan da ya bar wani ɗaki wani ɗakin yake shiga, da siffarsa da sunansa, kuma darajarsa tana tafiya ne da kyaunsa da yayinsa.

Zamanin mulkin mallaka ya kawo wasu irin kayayyaki da ba sa ruɓewa, waɗanda gona ba ta iya cinyewa: garwar kananzir, gwangwanin madara, kwalba, tayar mota, da kwanon ƙarfe mai fenti. Masu sana'ar hannu ba su ɓata lokaci ba wajen samar musu makoma, inda garwa ta zama abin ga-ruwa, gwangwani ya zama fitilar aci-balbal da ma'aunin 'yan koli, taya ta zama takalmi, tub ɗinta ya zama guga, kwalba kuma ta koma hannun masu man gyaɗa da masu magani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fasahar narka tsohon alminiyam a zuba shi a cikin yashi ya fito tukunya ta bazu a Afirka ta Yamma, kamar yadda masaniyar tarihi Emily Osborn ta bi diddigi, kuma ita ce ta fara mayar da lalataccen kwano abin da ake nema da kuɗi. A kan irin waɗannan sana'o'i ne kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano suka yi suna. A lokaci guda kuma yayi ya shiga kayan ɗaki da ƙarfinsa, musamman bayan da 'yan kasuwar Hongkong suka kafa masana'antun kwanuka a Ikeja da Kano wajejen samun 'yancin kai a 1960, ta yadda kwano ya ture ƙwarya, daga baya tangaran da kuloli suka ture kwano, kuma kowane sauyin yayi yana barin tulin kayan da ba a san inda za a kai su ba.

Hanyar da ta kawo wannan al'ada Legas ita ce ta fatauci. Hausawa sun daɗe a Ikko, wato Legas, tun kafin ƙarni na 20, amma haɗewar layin dogo tsakanin Legas da Kano a 1912 ita ce ta sauya girman zamansu, domin a daidai wannan lokaci noman goro yana bunƙasa a yankin Agege, wanda ke da tashar jirgi, sai fatake suka kafa zango a can suna sayen goro suna aikawa Arewa, shanu kuma suna gangarowa Kudu. Zango ya wuce masauki, domin tsari ne da ke da sarki da limami da masu gida, kuma maigida, a ma'anar fatauci, shi ne wanda ke saukar da baƙo, ya ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya tsaya masa idan an ba shi bashi ko ya shiga rigima. Abner Cohen ya yi cikakken bayanin wannan tsari a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, kuma abin da ya gani a can bai bambanta sosai da na Agege ba. Ketu ta shigo wannan tarihi a makare, lokacin da aka ɗauke cinikin kayan gwari daga Iddo zuwa Mile 12 a shekarun 1970, a daidai lokacin da farin da aka yi a Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya ƙara yawan masu fitowa cin rani, wato barin gida bayan girbi domin neman kuɗi kafin damina. Buɗe babban titin Legas zuwa Ibadan a 1978, wanda ya faro daga wajejen Ojota, ya mayar da yankin ƙofar shiga birni ga duk wanda ya taso daga Arewa, kuma saurayin da ya sauka daga bayan motar albasa ba ya rasa ɗan garinsu da zai nuna masa maigida.

Abubuwa biyu ne suka mayar da tsintar tsofaffin kaya babbar sana'a a Legas, kuma dukansu daga tattalin arzikin ƙasa suka taso. Na farko shi ne shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986, wanda ya karya darajar naira har sabon kaya ya gagari ma'aikaci, sai jama'a suka koma ga na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda 'yan Legas ke kira tokunbo. Gwanjo, wato tufafin da aka sa aka sayar, ya cika kasuwanni irin su Katangowa da ke kusa da Agege da Ƙofar Wambai a Kano, duk da cewa doka ta hana shigo da shi, firji da talabijin da kwamfuta kuma suka cika Alaba da Ikeja. Na'urar da ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa ba ta daɗewa take mutuwa, kuma rahoton da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin na'urori ke shiga tashar Legas kowane wata, wanda kaso mai yawa daga cikinsu ba ya ma gyaruwa. Wannan ya faru ne a ƙasar da tun 1988, bayan da aka gano gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko, ta kafa doka mai tsanani a kan shigo da shara mai cutarwa.

Na biyu shi ne yunwar ƙarfe. Kamfanin Ajakuta, wanda aka fara ginawa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyat domin ya narka tama daga ƙasa, bai taɓa kammaluwa ba, saboda haka rodin da ake gina Legas da shi ya dogara ƙwarai a kan masana'antun da ke narka tsohon ƙarfe, waɗanda da yawansu ke Ikorodu da Ogijo, tafiyar da ba ta da nisa daga Ketu, kuma mafi yawansu na Indiyawa ne da 'yan Sin. Daga nan ma'aunin daraja ya sauya gaba ɗaya: dillaliya tana duba kyan abu, ɗan gwangwan kuwa nauyinsa yake dubawa, kuma gadon ƙarfen da aka kai amarya a kansa da mataccen injin niƙa duk kilo ne a kan sikeli. Buɗe jujin Olusosun a 1992, a fili mai faɗin kusan hekta 40 wanda a lokacin yake bayan gari, ya ƙara wani reshe, na 'yan jari-bola, masu tono a cikin abin da motocin shara suka zubar, kuma da yawa daga cikinsu a kan jujin suka kafa bukkokinsu har da wurin salla.

Yadda aikin ke gudana a yau ya nuna tsohon tsarin zango a fili. Maigida yana da ɗan fili da ya kama haya, da sikeli, da kuraye, wato amalanken da ake turawa, kuma da safe yakan ba kowane yaro jarin da zai yi sayayya da shi, bisa sharaɗin cewa shi zai kawo wa abin da ya samo. Yaron yana fita da buhu da guduma da mayen ƙarfe a aljihu, yana bin layukan Alapere da Ikosi da Agiliti yana kiran "kwandam", kalmar da ta zama shelar sana'ar a Legas, masu gida kuma suna kiransa "aboki". Idan an fito masa da mataccen janareta ko fanka ko tukunyar da ta huje, yakan ɗaga ya jinjina, ya kanga mata mayen ƙarfen, domin abin da ya kama baƙin ƙarfe ne mai arha, abin da bai kama ba kuma yana iya zama alminiyam ko tagulla, wadda ita ce ta fi komai tsada. Ribarsa tana cikin abin da idonsa ya hango wanda mai kaya bai sani ba, kamar nauyin wayar da ke naɗe a cikin injin firji. Da yamma ake zama a farfasa, a ware kowane iri gefe guda: abin da zai gyaru ya tafi wurin masu gyara, sassan mota da injuna su nufi Owode Onirin, inda Yarabawa suka fi yawa a cikin dillalai, roba ta tafi wurin masu niƙa, ƙarfe kuma a tara shi har ya cika mota. Maigida yana cire jarinsa, sau da yawa kuma shi ke ajiye wa yaron sauran kuɗin har lokacin komawa gida. Kayan ba sa yankewa, saboda yawancin mazauna yankin a ɗaki ɗaya ko biyu na haya suke, babu rumbu babu zaure, kuma tashi daga gida ko ambaliyar damina kan tilasta a rabu da abin da aka daɗe ana ajiyewa. Tsaftar ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a 1984, ta daɗe tana zama ranar fitar da tarkace, har gwamnatin jihar ta dakatar da ita a 2016.

Wahalar sana'ar kuwa a kan na ƙasa take sauka. Shi ke ƙona waya domin ya cire tagulla yana shaƙar hayaƙin, shi ke fasa batir da hannu ba safar hannu, dalmar da ke ciki kuma guba ce da aka tabbatar ta gurɓata ƙasa da jinin mazauna kusa da wuraren narka ta a Ogijo. Gobarar da ta tashi a Olusosun a watan Maris na 2018, wadda hayaƙinta ya daɗe yana turnuƙe Ojota da Ketu, ta cinye bukkoki da kayan da aka tara. Rikicin ƙabilanci da ya ɓarke a kasuwar Ketu a Nuwamban 1999, da wanda ya sa aka rufe Mile 12 a Maris na 2016, sun nuna cewa baƙon da ke yawo shi kaɗai a cikin unguwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari idan gari ya rikice. Sannan akwai zargin sata, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba shi da tushe, domin ana sace murafun magudanan ruwa da wayoyin lantarki da ƙarafan layin dogo, kuma ta wannan hanya ake sayar da su. Wannan ne ya sa hukumomin Abuja suka hana jari-bola a cikin birnin a Janairun 2025, gwamnatin Borno kuma ta hana harkar a 2023 saboda dalilan tsaro, yayin da hukumar kula da shara ta Legas, wato LAWMA, ta daɗe tana kama masu tura kura bisa hujjar cewa suna zubar da shara a magudanai. Amma murfin magudana ba ya narkewa a hannun yaro mai kura. Akwai dillalin da ya auna shi, akwai masana'antar da ta karɓa, kuma dokar da ta tsaya a kan mai buhu ta ƙyale mai tanderu ba za ta hana satar ba, sai dai ta jefa dubban masu neman halali cikin zaman ɗar-ɗar da biyan cin hanci.

Tun daga 2012, lokacin da Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa kamfanin Wecyclers wanda ke karɓar robobi daga gidaje yana ba da lada, harkar sake sarrafa shara ta sami sabon suna da mutunci a Legas, har ta jawo masu zuba jari da tallafin ƙasashen waje, gwamnatin jihar kuma ta hana amfani da mazubin abinci na soso a Janairun 2024, ta bi da wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a 2025. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin waɗannan sababbin kamfanoni a hannun masu tsinta suke samun kaso mai yawa na kayansu, wato mutanen da suka riga su a fagen da shekaru masu yawa ba tare da an taɓa lissafa su a cikin masu tsaftace gari ba. Masu sana'ar sun fahimci haka, shi ya sa suka kafa ƙungiyoyi irin su NASWDEN ta dillalan ƙasa baki ɗaya da ASWOL ta masu tsinta a Legas, waɗanda ke neman a yi wa mambobinsu rajista a ba su katin shaida, aikin da a zamanin goro maigida ke yi da bakinsa idan ya ce wannan yarona ne. A cikin gidajen Hausawan Agege da Ketu kuma dillanci bai mutu ba, ya dai koma waya, inda mata ke tura hoton kujeru ko kuloli ko atamfa ta WhatsApp, dillaliya ta nemo mai saye ta karɓi la'adarta ta banki. Gwamnatin Legas ta sanar a 2024 cewa za ta rufe jujin Olusosun, ta mayar da wurin tashar da za a riƙa loda shara zuwa cibiyar tacewa a wajen gari bisa yarjejeniya da kamfanin Jospong na Gana, kuma idan hakan ya tabbata, masu tono a kan jujin za su rasa wurin aiki, sai dai su nemi gurbi a sabuwar cibiyar ko su karɓi kura a hannun wani maigida su shiga layi.